Lissafi ko Doka: Me Ya Kamata Injiniyan Makamashi Ya Koya a Digiri na Biyu?

Digiri na biyu a fannin injiniya gajeren zama ne. A galibin jami'o'in Najeriya zango biyu ake yi a aji, sauran lokacin kuma ya tafi wajen bincike da rubuta kundi. Saboda haka duk darasin da aka cusa cikin waɗannan zanguna biyu, to wani aka ture ya ba shi wuri. Daga nan saɓani ya taso tsakanin malaman da ke koyar da makamashi mai sabuntawa, wato wutar da ake samu daga rana da iska da ruwa da tarkacen amfanin gona. Wasu na ganin ɗalibin da ya dawo jami'a bayan digirin farko zurfi ya zo nema, don haka a ba shi lissafi da ɗakin gwaji har ya ƙoshi. Wasu kuma sun ce dole a yanko wani kaso mai kauri na lokacin a koya masa manufofin gwamnati kan makamashi: dokar wutar lantarki, yadda ake tsayar da farashi, lasisi, tallafi, da yarjejeniyar sayen wuta. Kowane ɓangare na ganin ɗayan zai yaye injiniya mai ƙafa ɗaya.

Hujjar farko ta masu cewa a tsaya kan fasaha tana bakin titi. Duk mai yawo a garuruwanmu ya ga fitilun sola jere a kan turakunsu, da yawa sun mutu tun fentinsu bai koɗe ba. Ya ga burtsatsen sola da aka buɗe da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a inuwar farantansa. Suka ce waɗannan ba doka ce ta kashe su ba, lissafi ne ba a yi ba, ko aka yi shi don wata ƙasa daban.

Ga abin da suke nufi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, farantin yana kan zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyos. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, da tsakar rana jikin faranti kan kai digiri 65, kuma kowane digiri guda da ya hau kan 25 yana zaftare kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ke nan tun kafin a zo maganar ƙura, kashi 16 cikin ɗari ya riga ya tafi. Sai hunturu ya shigo da hazo. A wajen Kano faranti ɗan karkata kaɗan ake yi masa, digiri 12 zuwa 15 yana kallon kudu, domin rana kusan ta saman kai take bi mana, kuma faranti mai kwanciya haka ƙura ta fi samun wurin zama a kansa. Daga Nuwamba har zuwa Afrilu babu ruwan saman da zai wanke shi, sai dai wani ya hau da tsumma da bokiti, a garin da ruwan sha ma saye ake yi. Batir ya fi kowa shan wahala. Irin mai dalma da ruwan asid ɗin nan, rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. A kulle shi cikin akwatin ƙarfe a kan turken fitila rana na dukansa, a riƙa zuƙe shi har ƙasa kowane dare, ba sai an yi duba ba a san ranar mutuwarsa. Injiniyan da bai zauna ya auna waɗannan abubuwa da hannunsa ba, ko ya haddace dukkan dokokin ƙasa, fitilarsa za ta mutu.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ita ce ba kasafai mutanen waje ke ganewa ba. Najeriya na da tashoshin da a takarda za su iya ba da megawat kusan 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, kuma babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai. Manyan injinan Kainji da Jebba da Shiroro da na tashoshin gas ƙarafa ne masu nauyi da ke juyawa, kuma nauyin juyin nasu ke riƙe bugun wutar a kan 50 cikin daƙiƙa idan wani abu ya girgiza layin. Faranti ba ya juyi. Inbata ce ke karɓar wutarsa ta mayar da ita irin ta layi, kuma in ana so ta taimaka wajen riƙe layi mai rauni maimakon ta tsere da zarar ya yi tangaɗi, sai an tsara ta da lissafi mai wuyar gaske. Wannan ilmi ba a tsintarsa a taron bita na kwana uku a otal. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai koye shi yana ɗalibi ba, da wuya ya koye shi bayan ya kama aiki ya tara iyali. Doka kuwa, in ji su, ana iya karanta ta a ofis duk ranar da buƙata ta taso, kuma tsufa take yi. Wanda ya haddace dokar sake fasalin wutar lantarki ta 2005 ya wayi gari a watan Yunin 2023 an soke ta an kawo wata. Dokokin kimiyyar lantarki kuwa majalisa ba ta yi musu gyaran fuska.

Akwai wata magana da suke yi a tsakaninsu, ba su cika faɗa a gaban taro ba, kuma gaskiya ce. Wasu ɗaliban gudun lissafi ke kai su ga manufofi. Sai ka buɗe kundin digiri na biyu daga sashen injiniya ka tarar babu awo ko ɗaya a ciki, sai takardar tambayoyi da aka raba wa mutanen unguwa ana tambayarsu ko sun san amfanin sola, sannan a zana sakamakon da launuka. Malamin da ya ga irin wannan kundi ya ce a rufe ƙofar gaba ɗaya, ban ga laifinsa ba.

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne, a daina kallon fitilar titi a ɗaga kai a dubi manyan ayyukan da suka mutu tun suna takarda. A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola da jimillarsu ta kai megawat 1,125, mafi yawansu a Arewa, a jihohi irin su Katsina da Jigawa da Bauchi da Sakkwato da Kaduna. An tsayar da farashi a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit. A daidai wannan lokaci Zambiya ta yi gwanjon aikin sola inda farashi ya sauko har santi 6.02. Gwamnatin Najeriya ta ga kamar ta yi sayen tsada, ta nemi a rage zuwa santi 7.5, ta kuma ja ƙafa wajen sa hannu a takardun lamunin da bankuna suka ce in babu su ba za su saki kuɗi ba, tunda kamfanonin rarraba wuta ba sa biyan cikakken kuɗin wutar da suka karɓa. Shekaru suka shuɗe ana kai da komo, ba a gina ko tasha ɗaya ba. Babu wanda ya ce zanen injiniyoyin ne ya samu matsala. Rana tana nan, fili yana nan, faranti ma araha ya yi ta ƙarawa. Haka aikin Mambila mai megawat 3,050 ya daɗe yana maƙale, rigimar kwangilarsa ta kai har gaban masu sasanci a Paris. Masu wannan ra'ayi sun ce a haɗa duk fitilun titin da suka mutu a ƙasar nan, ba su kai ko kusa da wutar da aka rasa a waɗancan takardu 14 ba.

Sukan ƙara da cewa ita kanta arahar farantin da ake taƙama da ita 'yar manufa ce. A shekarar 2000 Jamus ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin wuta sayen wutar sola a kan farashi tsayayye na shekara 20. Kasuwa ta buɗe, masana'antun Sin suka shigo da ƙarfinsu, farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A gida ma mun gani da idonmu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, janareto ya zama kayan gabas. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. Sannan a watan Oktoba na wannan shekarar aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ke kawo wuta daga kudu shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe sama da mako guda cikin duhu. Kan ka ce kwabo rufin shaguna da gidaje ya cika da farantai. Babu abin da ya canza a cikin farantin tsakanin 2022 da 2024, lissafin aljihu ne ya canza, kuma hukunci ne na mahukunta ya canza shi. A Nijar lamarin ya fi fitowa fili: ƙasar da a lokacin take sayen kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya ta wayi gari a watan Agustan 2023 an yanke mata layi saboda takunkumin bayan juyin mulki, sai ga tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai ta zama abin dogaro.

Tarihi ma suna jawo shi ya yi musu shaida. Yankin nan bai makara ba wajen sanin fasahar rana. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, suna ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki. Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato tun farkon shekarun 1980 take ƙera murhun rana da na'urar busar da amfanin gona da ramin samar da gas daga kashin dabbobi. Na'urorin sun yi aiki. Abin da ya yi wuya shi ne hanyar da za ta fitar da su daga harabar cibiya zuwa kasuwa: wa zai ba maƙeri bashi, wa zai tsayar da ma'aunin inganci, wa zai hana jabu shigowa ya karya farashi. Masu fasaha sukan amsa da cewa kuɗin bincike ne aka hana cibiyoyin. To amma ware kuɗin bincike shi ma ai manufa ce.

Hujjarsu ta ƙarshe ta yau ce. Dokar wutar lantarki ta 2023, tare da gyaran tsarin mulkin da aka yi a watan Maris na shekarar, ta ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta sa ido a kanta, kuma jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi wannan iko tun 2024. Kowace jihar da ta bi sahu tana buƙatar mutanen da za su zauna su tsayar da farashi, su duba lasisi, su rubuta ƙa'idar haɗa tasha da layi. In injiniya bai iya yaren wannan tebur ba, lauya da akanta ne za su rubuta ƙa'idar fasaha, ko a ɗauko masu ba da shawara daga waje a biya su da dala su kwafo ta wata ƙasa.

Ni dai na fi karkata ga ɓangare na biyu, amma ba ga irin darasin da aka saba kira darasin manufofi ba. Abin da ake yi sau da yawa shi ne a jero wa ɗalibi sunayen takardun gwamnati da shekarunsu: manufar makamashi ta 2003, babban tsarin makamashi mai sabuntawa na 2005, manufar 2015, shirin sauyin makamashi na 2022, da alkawarin da aka yi a Glasgow na daidaita hayaƙi nan da 2060. Ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Wannan darasi ya cancanci duk rainin da masu fasaha ke yi masa. Manufar da injiniya ke buƙata ita ce wadda ke shiga cikin lissafinsa ta canza amsa.

A ɗauki kuɗin ruwa. Janareto araharsa a gaba take, tsadarsa a baya, kullum ana zuba masa mai. Sola kuwa kusan duk kuɗinta a ranar farko ake biya, saboda haka farashin wutarta ya rataya ne a kan farashin bashi. Wanda ya ci bashin naira miliyan 100 na shekara 20 a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari zai riƙa biyan kimanin miliyan 8 a shekara. A kan kashi 25 cikin ɗari kuwa, sama da miliyan 25 zai riƙa biya. Faranti ɗaya, rana ɗaya, amma kuɗin ya ninka sau uku. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari. Ga kuma canji: kayan da dala ake sayo su, kuɗin wuta da naira ake karɓa, kuma dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Ɗalibin da ya kwana uku yana neman yadda zai ƙara wa tasharsa kashi 2 cikin ɗari na ƙarfi, amma bai san waɗannan lambobi biyu za su iya ninka farashinsa ba, akwai gyara a lissafin nasa, kuma gyaran na injiniya ne.

Inda abubuwan biyu suka fi cakuɗewa shi ne ƙaramar tashar da ke ba ƙauye guda wuta. Mutanen ƙauye da dare suke buƙatar wuta: ƙwan fitila, fanka, cajin waya, talabijin. Wutar dare daga batir take fitowa, batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan. Da rana, lokacin da farantai ke ambaliya, kowa na gona, batura sun cika tun hantsi, sauran wutar asara take bi. Maganin shi ne a samo masu shan wutar rana: mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, mai famfon ban ruwa. To amma motar injin niƙa a lokacin tashi tana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja in ta daidaita, kuma inbatar da ba a tsara don haka ba sai ta ɗauke, gari duka ya yi duhu don mutum ɗaya ya kunna inji. Za a sayi babbar inbata ne, ko za a sa wa injin na'urar tashi a hankali? Wa zai biya? Mai niƙan da ya saba da injin dizal ɗinsa, me zai sa ya canza in ba an rage masa farashin rana ba, kuma wa zai ba shi bashin sayen sabuwar mota? In an rage masa, nawa za a ɗora wa mai ƙwai biyu da fanka? Ƙa'idar NERC ta ƙananan tashoshi, a yadda aka fara fitar da ita a 2016, ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta wadatar mata, wadda ta wuce sai da izini, har zuwa megawat ɗaya. Wannan iyaka kaɗai tana iya sa injiniya ya rage girman tasharsa ko ya ƙara. Ƙa'idar ta kuma tanadi diyya ga mai izini idan kamfanin rarraba wuta ya iso garin da layinsa daga baya, kuma wannan tanadi na cikin abubuwan farko da mai zuba jari zai tambaya. Ban san inda mutum zai sa wuƙa ya raba waɗannan tambayoyi ya ce wannan ta sashen injiniya ce, waccan ta sashen tattalin arziki ba. Ɗalibin da aka ba ƙauye ɗaya na gaske ya auna buƙatarsa, ya zana tashar, ya fitar da farashin yunit, ya cika takardun izini, sannan ya kare lambobinsa a gaban masu tambaya, ya koyi duka biyun ba tare da an ture darasin inbata daga jadawali ba. In ma dole sai an ture wani abu, a fara da darussan da ke maimaita abin da aka yi a digirin farko.

Kayan koyarwar ma ba su yi nisa ba. Jami'ar Bayero ta Kano na da tasha mai haɗa sola da batir da janareto, megawat 7.1, wadda aka buɗe a watan Satumban 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara. A Kumbotso akwai tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a watan Janairun 2023. Kowace irin wannan tasha tana da littafi biyu: na wutar da ta bayar kullum, da zafi da ƙurar da ta sha, da kuma na kwangilar da aka gina ta a kai da wanda ke biyan kuɗin gyaranta. Na farkon ɗalibi kan samu in ya nace. Na biyun ne aka fi kullewa a durowa, alhali shi ne rabin darasin.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da masu fasaha ke yi wadda har yanzu ba a ba su gamsasshiyar amsa ba: wa zai koyar? Malamin injiniyan lantarki na iya yin shekara 20 yana koyarwa bai taɓa riƙe yarjejeniyar sayen wuta a hannunsa ba. Malamin tattalin arziki kuma wani lokaci ƙarfin tasha da yawan wutar da ta bayar cikin awa duk ɗaya ne a wurinsa. Waɗanda suka san abin ciki da waje suna hukumomi da kamfanoni, yawancinsu ba su da digirin digirgir, tsarin jami'a kuma ba ya sakin jiki ya ba irinsu duba kundin ɗalibi. Haɗa malamai biyu daga tsangayoyi biyu a kan ɗalibi ɗaya abu ne mai sauƙin faɗa a taron majalisar jami'a, amma da an zo kan wa zai sa hannu, wa za a lissafa wa aikin a wajen ƙarin girma, sai maganar ta kwanta. Sashen da bai samo wanda zai iya duba kundi ya kama kuskuren inbata ya kuma kama kuskuren kuɗin ruwa ba, ko mutum biyu da suka yarda su zauna tebur ɗaya su yi hakan, in ya buɗe darasin manufofi haddar sunaye da takardar tambayoyi zai koma. A irin wannan sashe, in aka kaɗa ƙuri'a, da masu fasaha zan tsaya.